Gida na tara da babu shi

Kwana ukku na yi a Gusau ina zargin abin da bai yi laifi ba. Wani ɗan gwaji ne na rubuta da KUnit, wanga tsarin gwaji da ya shigo kernel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, tun sigar 5.5 a 2020, na jera misalai takwas cikin array, wato jerin gidaje a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowanne da lambar da za a ba function, ɗan yankin code ɗin da nake gwadawa, da amsar da ya kamata ya maido. In na kunna kunit.py, mai gudanar da gwaje-gwajen, yadda ya zo, wato kan UML (User-Mode Linux, inda kernel ke gudana kamar manhaja ta yau da kullum), komi ya wuce lafiya lau. Ran da na ce bari in gwada x86_64, irin processor ɗin PC, cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, sai gwajin ya faɗi, ya fiddo wata lamba mai tsawo da ban san inda ta fito ba.

Ni kuma na tasa function ɗin gaba, na cika shi da pr_info don ya riƙa rubuto mani abin da ke faruwa, in sake haɗa kernel in jira, ga zafi, ga an ɗauke wuta batirin laptop na ta ja baya, har sai da wani abokina da muke zama shago ɗaya ya leƙo ya ce "Malam, ka ko kunna KASAN?" KASAN shi ne mai kama code in ya taɓa wurin da ba nashi ba a ƙwaƙwalwa. Ban kunna ba.

Ina sa CONFIG_KASAN=y sai ga shi ɓaro-ɓaro, global-out-of-bounds, wato an tsallake iyakar array, kuma sunan da ya kira na gwajina ne, ba function ɗin ba. A loop ɗin da ke bin misalan ɗaya bayan ɗaya da lambar ƙidaya i, na rubuta i <= ARRAY_SIZE(cases), wato yawan misalan, maimakon i <. A C, yaren da aka rubuta gwajin da shi, ƙidaya daga 0 take farawa, gida takwas ke nan 0 zuwa 7, ni ko ina aika shi gida na tara, kuma C ba ta tsayar da kai, duk abin da ke bayan katanga za ta ɗebo ta miƙo maka.

Abin da ya fi damuna shi ne makonnin da ya yi yana wucewa. A UML abin da ke bayan array ɗin sifili ne, an ba function 0, ya maido 0, amsar da ake jira ita ma 0, sai aka ce ya ci. Har nuna ma mutane na yi ina jin daɗi.

Gyaran cire alamar = guda ne. Amma na koma na mai da misalan KUNIT_ARRAY_PARAM, inda KUnit ke bin su da kanshi, don in daina rubuta loop da hannuna, na kuma bar KASAN cikin .kunitconfig ɗina, fayil ɗin saitin gwaji, duk da yana sa injin nauyi. Akwai wasu gwaje-gwaje biyar da na rubuta a wancan watan, yau da dare in wuta ta dawo zan bi su ɗaya bayan ɗaya.