Asabar, ranar sunan gidan Gwaggo

An kawo wuta tun asuba, abin mamaki, har na goge atamfata da ta Ummi kafin a ɗauke. Mai adaidaita ya so ya yanke mu zuwa Gwammaja, Ummi ta tsaya masa. Suna ya yi kyau, waina da miyar taushe, zoɓo har da ƙanƙara. Jaririyar tubarkalla, gashi kamar a yi mata kitso.

Muna zaune ana ta hira ina ƙyalƙyala dariya, sai wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kamo hannuna. Ta ce wa Gwaggo, "Wannan 'yar wa ce?" Gwaggo ta ce 'yar wajen marigayi ce. Tsohuwar ta yi salati. "Ai na faɗa a raina. Wushiryar nan tasa ce, har yadda take kai hannu baki in dariya ta ci ƙarfinta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Na ce amin. Ta sake ni ta koma kan wainarta.

Ni kuwa daga nan ban ƙara jin daɗin komai ba.

Ban san yana da wushirya ba. Hotonsa ɗaya gare ni, ɗan ƙarami irin na fasfo, baki a tsuke, hula zanna bukar ta ɗan karkace. Ko yaye ni ba a yi ba sanƙarau ya ɗauke shi, a annobar 1996, shekarar da Saudiyya ta hana alhazanmu shiga saboda cutar. Da zafin bazara aka kai shi asibitin zana, bai dawo ba. Iyakar abin da aka taɓa ba ni ke nan, kuma shi ma daga bakin Gwaggo.

Da muka dawo na tarar da Umma a kicin tana tsinke zogale. Abba yana tsakar gida kan tabarma da rediyonsa. Na durƙusa kusa da ita na yi ƙasa da murya, "Umma, wai babana yana da wushirya?" Ba ta ɗago ba. "Wa ya gaya miki?" Na faɗa mata. Ta daɗe tana tsinkar ganye, sannan ta ce, "Yana da ita." Can kuma, "Ke, miƙo min ƙwaryar nan."

Shi ke nan fa. Ban ga laifinta ba. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna a gidan wani mijin tana ba ni labarin na fari. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta yi kukanta, ta rufe. Abin da ya tsaya min shi ne yadda na faɗi "babana" a raɗa kamar na ɗauki abin da ba nawa ba. A gidan nan Abba ne uba. Shi ya sa ni a makaranta, shi ke goya ni a babur zuwa Islamiyya, kayan sallata da na 'ya'yan Mama yadi ɗaya ake yankowa. In ba faɗa ya haɗa ni da Khalifa muna yara ba, ba wanda ya taɓa ce min agola. To ina zan kai kewar wani mutum ba tare da ta zama butulci ba?

Ummi ta gan ni na yi shiru a ɗaki, ta ce, "Yaya, wanda ba ki sani ba ta yaya za ki yi kewarsa?" Ba da mugun nufi ta faɗa ba, yarinta ce. Amsar ce ba ni da ita. Gwaggo tana da labarai, Umma tana da abin da take ɓoyewa, ni ko kabarin ba wanda zai iya nuna min a Dandolo, babu alama.

Bayan isha'i Abba ya aiko Sadiq ya kira ni. Gabana ya faɗi. Na zauna gefen tabarma, ya rage rediyo. Ya ce, "Na ji abin da kika tambayi ummanki. Na san mahaifinki. Layinmu ɗaya a Kwari, shi shadda yake sayarwa. Mutum ne mai barkwanci, kuma bai iya karɓar bashi ba, kowa cin kuɗinsa yake. Ki riƙa yi masa addu'a." Ya ƙaro sauti, alamar an gama.

Na ce na gode, Abba. Muryata na rawa. Har yanzu ban tantance ba, godiyar ce ta fi yawa ko haushin a ce duk tsawon shekarun nan mutumin da ya san dariyarsa yana zaune a tsakar gidanmu.

Ban ci tuwon dare ba. Gobe akwai wanki, kuma Khalifa har yanzu bai dawo min da cajata ba.