Kwabon da ya ɓace a manhajar adashe

Aikin digirina na biyu manhaja ce ta lissafin adashe. Gwaggona uwar adashe ce a Kasuwar Barci, kuma littafinta ya ji jiki, har akwai shafin da ruwan sama ya cinye sunayen masu zubi. Da yaren kwamfuta na Python na rubuta manhajar, na haɗa mata gwaje-gwaje kusan 60, kowanne ya wuce lafiya. Na kai wa malamin da ke duba aikina ina ta baza haƙora.

Bai ko ɗaga kai sosai ba. Ya ce, "Malam, wa ya zaɓi lambobin da ka gwada?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ai kai ka kafa tambaya, kai ka ba da amsa, kai ka yi maki."

Shi ya tura ni ga gwajin ƙa'ida. Maimakon ka ce idan an zuba dubu goma a kwashe dubu goma, sai ka faɗi dokar da ba ta karyewa, kwamfuta kuma ta yi ta ƙirƙiro lambobi tana neman karya ta. Dabarar ta yi suna ne da QuickCheck, wani kayan gwajin manhaja wanda Koen Claessen da John Hughes na Jami'ar Chalmers a Suwidin suka gabatar a shekarar 2000 don yaren kwamfuta na Haskell. A Python kuwa irinsa mai suna Hypothesis ake amfani da shi, kuma misali 100 yake jefa wa kowane gwaji idan ba ka canza masa adadi ba.

Dokata guda ce: abin da aka zuba shi za a kwasa, ba ƙari ba ragi. Ko shayina bai huce ba gwajin ya faɗi. Abin da ya fi burge ni, bai miƙo min wata lamba mai tsawon igiya ba. Sai da ya yi ta rage misalin har ya kai ƙaraminsa: naira ɗaya, mutum uku. Kowa ya sami kwabo 33, jimla 99. Ina ɗayan?

A kasuwa mutum biyu ko uku kan haɗa hannu ɗaya, amma ni duk gwajina da lambobi masu rabuwa daidai na yi, don su ne masu sauƙin lissafi a ka. Ƙari a kan haka, da lambobi masu ɗigo nake ajiye kuɗi, alhali a Python 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Na mayar da komai kwabo, cikakkiyar lamba, ragowar rabo kuma na rubuta ƙarara wanda za ta faɗa wa.

Bayan mako biyu gwajin ya sake faɗuwa, ga sauye-sauye wajen 120 a Git, wato manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da na yi. Umarnin git bisect yana raba tarihin gida biyu a kowane mataki, don haka taku bakwai suka kai ni ga mai laifin. Wani gyara ne da na yi cikin dare da fitilar waya, ranar da aka ɗauke wuta a Unguwar Sanusi.

Da na ba Gwaggo labari sai ta kwashe da dariya. "Ɗan nan, yaushe rabonka da ganin kwabo?" Ta ce a wurinta canjin da bai rabu ba na wanda ya fara zubi ne. Da na koma gida na sa wannan a manhajar, na ƙara masa nasa gwajin.