Saƙon Godiya Bayan Bitar Fitar da Waƙa

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. A madadin kwamitin da ya shirya bitar matasan mawaƙa ta ranar Asabar, muna godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo, da wanda uzuri ya tsare ya bi mu da addu'a. Godiya ta musamman ga Alhajin da ya ba mu aron ɗakin taro bai karɓi ko sisi ba, da ƙaninmu mai kula da sauti da ya yi ta fama da janareta bayan an ɗauke wuta, da yayyenmu ma'aikatan rediyo da suka zauna har la'asar sakaliya suna amsa tambayoyi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Waɗanda suka rasa kujera ku yi mana afuwa, ba mu zaci za a cika haka ba.

Da yawanku kun nemi a rubuta abin da aka tattauna kan waƙar da muka ɗauka misali, wato "Calm Down" ta Rema, ɗan Benin ta jihar Edo. Ta fito ranar 11 ga Fabrairu, 2022, kafin kundinsa na farko da ya biyo baya a watan Maris. Tushenta ba wani abu mai nisa ba ne: shi da kansa ya bayyana cewa a wurin wata liyafa ya ga wata yarinya, ƙawayenta suka yi masa katanga, daga nan waƙa ta samu. A watan Agusta na shekarar aka sake fitar da ita da muryar mawaƙiyar Amurka Selena Gomez, a Satumba ta shiga jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard, wato jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka, daga can ƙasa. Ba ta kai matsayi na 3 ba sai a 2023, fiye da shekara guda bayan fitowarta, kuma a Satumbar 2023 zubin da aka yi da Selena ya cika sauraro biliyan 1 a manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify. Abin da ya sa muka zaɓe ta ke nan. Mawaƙanmu kan saki waƙa ranar Juma'a, zuwa Laraba sun karaya sun koma situdiyo neman wata, alhali waccan ko tsayuwa da ƙafarta ba ta yi ba.

Sai dai haƙuri ba ya amfani idan ba a ƙirga sauraron. Hot 100 na lissafa abin da aka saurara a intanet, aka kunna a rediyo, aka kuma saya a cikin Amurka kaɗai; sauraron Kano ko Maraɗi ba ya shiga can. Namu na Najeriya shi ne TurnTable, wanda ke haɗa rediyo da manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da YouTube. To a nan gizo ke saƙa: waƙar da aka tura ta Xender, ko aka loda a memori a shagon masu turi, ko da ta cika gari ana kiɗa ta a kowane biki, babu jadawalin da ya san da ita. A Spotify kuwa sai an yi daƙiƙa 30 ana ji kafin a ƙirga sauraro ɗaya. Mai buɗe waƙa da doguwar gaisuwar iyayen gida ya yi wa kansa, a mayar da gaisuwar ƙarshe.

Kan shirin fitarwa, a karɓo waƙa daga situdiyo a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai ingancin aƙalla 16-bit da 44.1kHz. Kada a yarda da wadda aka turo ta WhatsApp a matsayin sauti, don an matse ta, kiɗan ya riga ya mutu. Hoton bango ya zama murabba'i, pixel 3000 da 3000, babu lambar waya a jiki, in ba haka ba kamfanin rarrabawa, wato mai ɗora waƙa a manhajoji, zai dawo da shi. A miƙa waƙar mako 3 zuwa 4 kafin ranar fita, saboda Spotify na buƙatar aƙalla kwana 7 idan ana so a gabatar da ita ga masu tsara jerin waƙoƙinsu. Ranar kuma Juma'a ce, domin makon ƙirga daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis. Wanda ya saki tasa Talata kwana uku kawai zai samu a makon farko.

Kuskuren da aka fi kawo ƙorafi a kansa shi ne suna. Yau ka rubuta da ƙ, gobe da k, jibi ka ƙara laƙabi, sai waƙoƙinka su watsu a shafuka uku, wata ma ta faɗa shafin wani mai irin sunanka. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kai. Kowace waƙa tana da lambar shaida da ake kira ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12. A adana ta, don da ita ake canja kamfanin rarrabawa ba tare da an rasa sauraron baya ba. Sabon zubi da wani mawaƙi kuma sabuwar lamba yake ɗauka.

Masu sayen sauraron bogi, mun faɗa a zaure muna kuma maimaitawa: ana ganewa, a zaftare adadin, wani lokaci a sauke waƙar baki ɗaya. Haka kiɗan da aka ɗauko "kyauta" a YouTube, ranar da waƙa ta karɓu mai shi zai bayyana.

Samfurin takardar rabon haƙƙi tsakanin mawaƙi da marubuci da mai kiɗa, wadda Hajiya lauyarmu ta yi alƙawari, za a sanya ta a zauren mahalarta cikin makon nan. A cike ta a sa hannu tun ana situdiyo, kafin kuɗi ya shigo. Waɗanda suka taso daga nesa, Allah ya sa kun isa gida lafiya.

Kwamitin shirya bita