Katun ɗin nan ba iri ɗaya ba ne fa

Yaran layinmu a Agege duk abin da ya motsa a waya katun suke ce masa, amma yadda ake haɗa su ya sha bamban wallahi.

Na farko shi ne zanen hannu, 2D kenan, kuma ni shi ya fi burge ni. Fim yana gudu ne da hoto 24 a sakan ɗaya, to masu zane sau da yawa 12 suke zanawa su maimaita kowanne sau biyu, ka lissafa minti ɗaya kacal zane 720 ne, kuma dole kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa in ba haka ba motsin ya dinga tsalle. Aikin haƙuri ne tsantsa.

3D kuwa a kwamfuta ake gina mutum ɗin, a sa masa ƙasusuwa a ciki sai a riƙa juya shi kamar 'yar tsana. Toy Story na 1995 ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya a haka, Iwájú ma da Disney suka fitar a 2024, wanda labarinsa a Legas ɗin nan yake, 3D ne. Manhajar Blender da ake yin 3D da ita kyauta ce, matsalar dai laftof mai ƙarfi, je ka Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, ka ji kuɗi, ga wutar NEPA da za ta ɗauke ana tsakar aiki.

Akwai kuma na yumɓu, ka ƙera mutum-mutumi da shi, ka matsar da shi kaɗan ka ɗauki hoto, ka sake matsarwa. Wannan ko da wayarka za ka iya, kawai ka kafe ta kar ta girgiza.