Godiya bayan Baba ya gama maganin tarin fuka

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki na Maraɗi da kewaye.

Alhamdu lillahi, Baba ya cika wata 6 yana shan magani, an sake gwada kakinsa, lokotoro ya ce ya warke. A madadin gidanmu nake wannan godiya.

Ta farko ga majon gidan likitar unguwarmu. Maganin kyauta ne, amma haƙurin da ya yi da mu ba a sayen irinsa. Ranar da fitsarin Baba ya koma ja, Inna ta rantse jini ne, shi ya kwantar mata da hankali, ya ce aikin rifampisin ne, ɗaya daga magunguna 4 na wata 2 na farko.

Shi ne kuma ya warware mana abin da ya fi damun Baba: a ina ya ɗauko? Ya ce mai yiwuwa ƙwayar ta daɗe a huhunsa. Idan ta shiga, garkuwar jiki kan kewaye ta ta tsare, mutum ya yi shekaru ba tari ba zazzaɓi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa haɗuwa da ita, amma a cikinsu 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kwantawa. Ciwon suga, yunwa ko sida ke sassauta tsaron, kuma Baba mai suga ne. Ya ƙara da cewa jiki ba ya manta ta, gwajin fata na iya nuna alamarta ko bayan warkewa, sai dai wannan bai hana a sake kamuwa. Shi ya sa, Kawu, don Allah a daina cewa wanda ya yi sau ɗaya ya gama da ita.

Gwaggo, ke da kika taso daga Tibiri kika riƙe tukunya, Allah ya biya ki. Yaya, na san abin da ka kashe a kabu-kabu ko da ba ka faɗa ba. Maƙwabtan da ba su ware mana kwano ba, mun gani. Waɗanda suka ja baya ma ba mu riƙe su ba, tsoro ne.

Jikokin Baba ƙanana an duba su, an sa ƴan ƙasa da shekara 5 a maganin kariya duk da suna da tabon allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai.

Ranar Juma'a bayan la'asar akwai addu'a a ƙofar gida, kowa ya zo. Allah ya saka da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.