Lissafin Zafin Titin Kankare a Kano

Aikin da na yi na kammala digiri shi ne hasashen yadda zafi ke shiga da fita a jikin titin kankare. Mun zuba daɓen gwaji mai kaurin santimita 25, muka binne wayoyin auna zafi a samansa da tsakiyarsa da ƙasansa, ni kuma na rubuta lissafin a kwamfuta.

Tushen lissafin tsoho ne, dokar tafiyar zafi da Fourier ya wallafa a 1822. Sai ka yanka kaurin daɓen gida-gida a takarda, kowane gida yana karɓar zafi daga na sama yana miƙa wa na ƙasa. Abin da za ka ciyar da shi kuwa: zafin iska, ƙarfin rana, gudun iska, da hasken fuskar kankaren, wato yawan hasken rana da take mayarwa.

Abin da ya fi kama ni shi ne jinkiri. A bazara, lokacin da Kano ke kusan digiri 40, saman daɓen yana kai ƙololuwa bayan azahar, amma ƙasansa sai wajen magariba. Sama na buɗewa, ƙasa bai motsa ba, sai daɓen ya yi doro. Da asuba lamarin ya juye, gefuna su ɗaga. Tirela ta bi ta kan gefen da ke rataye, tsaga ta fara. Kankare yana ƙaruwa da kusan milimita 0.01 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Kaɗan ne a ido, amma shi ke cin titi.

Hunturu ne ya ba lissafin wahala. Hazo yana tare rana, ga iska busasshiya, ga sanyin dare. Da muka sa ƙurar hazo cikin ƙiyasin hasken rana, sai hasashe ya matso kusa da abin da wayoyin ke nunawa. Malamina ya ce, "Ka ga, lissafin da aka gina don ƙasar ƙanƙara bai san hazo ba." Haka ruwan farkon damina: ya sauka kan daɓe mai zafi, saman ya huce nan take, ciki na nan da wuta.

Shi ya sa nake ganin duk mai kwangilar titin kankare a garin nan ya kamata ya riƙe irin wannan hasashe kafin ya tsayar da tazarar gaɓoɓi, wato layukan da ake yankawa a daɓe don ya samu wurin motsi, da sa'ar zuba kankare, da lokacin da za a sa injin yanka su.