Daren da Mike Krzyzewski ya yi sallama da Duke

Har yau ban manta da daren 2 ga Afrilu, 2022 ba, a farkon watan azumi, lokacin da na hana idona barci domin in kalli wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a birnin New Orleans. North Carolina, babbar abokiyar hamayyar Duke, ta yi nasara da maki 81 da 77, kuma da wannan wasa Mike Krzyzewski ya kammala shekara 42 yana horar da Duke. Ana gab da sahur aka tashi, amma abincin bai yi mini daɗi ba.

Mutane sun fi ambaton kofunansa biyar, na 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015, da wasanni 1,202 da ya ci, ciki har da na shekarunsa biyar a makarantar sojoji ta West Point. Ni kuwa farkon zuwansa Duke ne ya fi tsaya mini a rai. A kaka uku na farko ya ci wasa 38, aka doke shi sau 47, har magoya baya suka riƙa neman a sallame shi, amma shugaban sashen wasanni, Tom Butters, ya toshe kunnensa, ya ma sabunta masa kwantiragi a 1984. Shekara biyu bayan haka yaransa suka kai wasan ƙarshe na ƙasa.

Da na ga dattijon mai shekara 75 yana barin fili a hankali, sai Butters ya faɗo mini a rai.